Bishiyar Sadiya Mai Ƙafa Ɗaya

Warin laka ne ya fara tarbar mu. Sadiya ta murɗa makulli, ta tura ƙofa da kafaɗa, sai wani wari ya fito kamar na bakin kududdufi idan ruwa ya janye, da ɗan gishiri-gishiri a cikinsa. Gwaggo ta toshe hanci da gefen mayafi ta ce, "Ke, a Ingilar ma kwata ake yi a cikin ɗaki?" Ni kuwa tsayawa na yi ina shaƙa. Ban taɓa ganin teku ba a rayuwata, amma zuciyata ta ba ni cewa haka bakinsa yake wari.

Tun da na dawo, abokan aikina ba su bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali a ɗakin malamai ba. "Malama Hindatu, wai da gaske rana ƙarfe huɗu take faɗuwa?" "Wai karnuka ma riga suke sawa?" Na ba su labarin bas mai hawa biyu da labarin sanyi har bakina ya gaji. Amma akwai wanda nake tsallakewa kullum. Shekara uku ke nan, kuma har yanzu ana tambaya, don haka bari na ba da shi gaba ɗaya, tun daga farko.

Sadiya 'yar Gwaggo Laraba ce, ƙanwar mahaifina. Taubasai muke, gida ɗaya muka tashi a Gwammaja, tabarma ɗaya, aji ɗaya. Ni ce mai zuwa ta ɗaya, ita ce mai leƙa littafina. Muna aji uku a sakandare na sami wani tsohon littafin labarin ƙasa da bangonsa ya cire. A cikinsa akwai hoton wata bishiya tsaye a cikin ruwan teku, saiwoyinta a waje kamar mace ta tattare zane za ta ƙetare rafi. Sunanta a Turance mangrove. Ban san mata suna da Hausa ba, tunda ba ta taɓa zuwa ƙasarmu ba balle mu raɗa mata. Na yi mako guda ina kallon hoton nan, har waƙa na rubuta mata. Da na karanta wa Sadiya, dariya ta yi har da riƙe ciki, ta ce, "Ke dai ba ki da aikin yi. Bishiya ma sai kin yi mata waƙa?"

Ni na karanta adabi na zama malama a makarantar 'yan mata. Ita ta karanta ilimin tsirrai, ta sami gurbin ƙaro karatu a Ingila. Da lokacin bikin kammalawarta ya zo a watan Disamba, aka ce ni zan raka Gwaggo, don ba ta jin Turanci.

Daga Kano muka tashi, muka sauya jirgi a Amsterdam. A can ne Gwaggo ta ƙi hawa matakala mai tafiya da kanta, ta ce ita da ƙafarta Allah ya halicce ta. Muka zagaya neman ta gaske har muka kusa rasa jirgi. A Manchester kuma, bayan an buga mana hatimi, wani ma'aikaci mai jan fuska da ladabi ya ce mu buɗe jaka. Ya ga kuka, ya ga kuɓewa busasshiya, ya kwance ƙullin daddawa ya ja da baya taku biyu, amma ya bar su. Da ya zo kan kilishi sai ya girgiza kai, ya ce nama ba ya shiga ƙasar.

"Ce masa ya ɗanɗana," in ji Gwaggo. "Wallahi in ya ɗanɗana ba zai zubar ba."

Na ce masa Gwaggo tana ba shi haƙuri. Ya ce a gaya mata shi ma ransa bai so ba. Ya ɗauki kilishin nan da safar hannu ya jefa a kwandon shara muna kallo. Gwaggo ta ce wata magana da ban fassara ba.

Sadiya na jiran mu a waje cikin wata doguwar riga baƙa mai kumburi. Ta rungume uwarta, ta juyo gare ni ta ce, "'Yar ƙauye an shigo birni! Wannan ɗan mayafin kika zo da shi? Za ki daskare." Na ce, "Baturiyar ƙarya, ina jan kunnen?" Muka yi dariya kamar dā. Amma da ta juya tana yi wa direban tasi magana, sai na ji Turancinta ya zama wani iri, mai sauri, mai santsi. Ni da nake koyar da Turanci rabinsa kawai na kama. Na kau da kai, na ja jakarmu zuwa tasin.

Unguwarta Levenshulme. Gidajen jajayen bulo ne manne da juna, layi bayan layi, kamar an yanka su da wuƙa ɗaya. Ita a sama take, ɗaki biyu da ɗan kicin. Banɗakin ne ya fi ba mu mamaki. An shimfiɗa masa kafet har gindin masai, kuma famfo biyu ne, ɗaya na ƙona hannu, ɗaya na daskarar da shi, ba mai haɗa su. Gwaggo ta duba ta ce ita ba za ta yi alwala a nan ba. Sadiya ta kawo mata buta da roba mai faɗi ta ajiye a falo.

A falon nan kuwa, a kusurwa, kusa da ƙarfen ɗumama ɗaki, abin da ke warin yake. Baƙin bokiti ne babba cike da laka da ruwa, an rataya fitila mai farin haske a samansa. A tsakiya wata 'yar bishiya ce da ba ta wuce ƙuguna ba.

"Kin gane ta?" in ji Sadiya, tana kallona da murmushi.

Na gane ta tun kafin ta rufe baki. Na durƙusa. Ta shiga nuna mini yadda ake shaida ta. Ganyen bibbiyu suke fitowa suna fuskantar juna, masu kauri da sheƙi kamar an shafa musu mai, bayansu kuma fari-fari da ɗigo-ɗigo baƙaƙe ƙanana. A can ƙololuwa akwai toho mai tsini kamar bakin mashi, daga nan sababbin ganye ke buɗewa. Ta ce irin nata dogo ne kamar ɗan zogale, kuma tun yana jikin uwa yake tsira, sannan ya faɗo ruwa ya yi ta yawo wata da watanni har ya sami laka ya kafe. Ita a wani shagon masu kiwon kifin ado ta samo shi shekara biyu da suka wuce. Daga nan ta kama yatsana ta kai shi ƙasan karan. Wata saiwa ce ja-ja ta fito daga jikin itacen, sama da ruwa, ta lanƙwaso tana neman laka.

"Ƙafarta ta farko," ta ce a hankali. "Last month ta fito. Shekara biyu ina jiran ta."

Na ce ma sha Allah. Na faɗa da bakina, amma a cikina wata murya ce ke cewa: tawa ce. Ni na fara ganin ta, ni na so ta lokacin da kike dariya. Kin ɗauke mafarkina kin zuba a bokiti, har kin san sunansa na Latin.

Gwaggo ta ce, "To, ana cin 'ya'yanta ne?"

"A'a, Umma. Ta Mma ce."

Wannan suna ya shiga gidan tun ranar, bai fita ba. Mma Memuna wata dattijuwa ce 'yar zangon Hausawa na Ghana da ke zaune a Erdington, can Birmingham. Lokacin da Sadiya ta fara zuwa ƙasar, a Birmingham ta yi kwas na share fage, kuma ɗakin da aka yi mata alkawari ya ɓace mata rana tsaka. Tana tsaye a tashar bas tana kuka a waya da Hausa, sai wata tsohuwa ta dafa ta ta ce, "Wa ya taɓa ki, ɗiyata?" Wata takwas ta yi a gidanta. Mma a bakin wani tafkin gishiri ta tashi, inda uwarta ke kyafa kifi da itacen wannan bishiya. Yanzu ƙafafunta sun kumbura, idonta ya yi rauni, likita ya hana ta hawa jirgi. Ta san ba za ta sake ganin gida ba. Da Sadiya ta nuna mata irin, cewa ta yi, "In ta fid da ƙafa ki kawo mini na taɓa." An shirya ranar Asabar ta sama za mu kai mata.

Kullum da safe sai waya ta yi ƙara, Sadiya ta ɗauka ta ce "Mma!" da wata murya mai laushi da ban taɓa jin ta yi wa kowa ba. Gwaggo sai ta taɓe baki ta ce da ni, "Ni na yi naƙudar, wata ke amsa sunan." Ashe mu biyu ne masu ciwo a gidan, kowa da nata.

Ranar biki muka hau bas zuwa Oxford Road, inda jami'arta take. Ban taɓa ganin bas da yawa haka ba, hanci da wutsiya kamar raƙuman fatake. Direban ya ce da Gwaggo "love", ta tambaye ni me ya ce, na ce gaishe ta yake. A zauren taro kowa tafi yake a hankali kamar yana tsoron tada jariri. Da aka kira sunan Sadiya, Gwaggo ta miƙe ta rangaɗa guɗa. Zauren ya yi tsit, sannan aka fashe da dariya da tafi. A waje malaminta, wani dogo mai furfura, ya ce da ni, "Your cousin has a gift," wato taubashiyata na da baiwa. Ni na riƙe jakunkuna, ni na riƙe kyamara. Da aka wanko hotunan, ba na cikin ko ɗaya.

Washegari Sadiya ta ce an kira ta ganawa a wata jami'a da ke bakin teku a Wales, kan maganar digiri na uku. Kwana uku za ta yi, ta dawo Juma'a da yamma. Bakin teku kuma. Ta zaunar da ni gaban bokiti kamar mai barin jariri.

"Malama, saurara da kyau. Kullum da safe ki fesa wa ganyen ruwan ɗumi da wannan kwalbar. Fitila ki kunna bakwai, ki kashe bakwai. Kin ga wannan layin da na zana? Nan ruwan yake. Na auna gishirin jiya." Ta nuna mini wani ɗan gilashi mai kama da na gwada zafin jiki. "Kada ki ƙara komai, zai kai ta har na dawo. Kuma please, kada ki matsar da ita daga nan."

"Sai ka ce 'yar sarki," na ce.

"Ta fi ki daraja dai, 'yar ƙauye."

Wasa take, irin wanda muka saba tun muna yara. Amma ranar bai ba ni dariya ba.

Da azahar ta farko bayan tafiyarta, Gwaggo ta idar da alwala a robarta, ta tsaya riƙe da ita tana waige-waige. A gidanmu na Gwammaja ba a zubar da ruwan alwala a masai. Gindin bishiyar lemun tsami da ke tsakar gida ake kai shi, har ana cewa shi ya sa take 'ya'ya haka. Kwanakin baya Sadiya ce ke karɓar robar ta kai kicin. Yau ba ta nan. Gwaggo ta dubi bokitin ta ce, "Ga baiwar Allah ma tana zaune cikin gishiri," ta juye ruwan a ciki.

Ina zaune a kujera da littafi a hannu. Na gani. Kalma ɗaya ce za ta hana, kuma Gwaggo mai jin magana ce. Na buɗe baki, sai na tuna "ta fi ki daraja", na tuna dogon malamin nan, na tuna teku da wata ke kallo a wannan lokacin. Na mai da idona kan littafi. Abin da na sani tun ina yarinya shi ne bishiyar ruwan gishiri ce, gishirin ne ranta. Na san abin da nake yi.

La'asar ma haka, magariba ma haka. Da ruwan ya haura layin da Sadiya ta zana, sai na ɗauki kofi na kwashe na sama na zubar a kicin, don kada a gane. Da safe kuma na fesa wa ganyen ruwan ɗumi yadda aka ce, ina shafa su ɗaya bayan ɗaya. Ban san yadda zan bayyana muku ba. Ina sonta, kuma ina so ta mutu a hannun Sadiya.

Kwana biyu aka yi haka. Ranar Alhamis da yamma waya ta yi ƙara, na ɗauka. Murya ce mai kauri, mai gajiya, da Hausar da ba irin tamu ba.

"Ke ce Hindatu? Mai waƙa?"

Na ce ni ce, Mma.

"Sadiya ta karanta mini waƙarki ta bishiya. Ta haddace ta tun kuna yara, kin sani? Ta ce ke kika nuna mata hanya. Yaya ɗiyar tamu, ƙafar ta taɓa laka?"

Na ce saura kaɗan. Da na ajiye wayar na shiga banɗakin nan mai kafet na rufe ƙofa na yi kuka. Da na fito na ce da Gwaggo daga yau ni zan riƙa zubar mata da ruwan alwala, don Sadiya ta ce ba a ƙara wa bokitin komai. Ta ce, "Au, to me ya hana ki faɗa tuntuni?" Na ɗauki robar na kai kicin.

Juma'a da safe na tashi na ga abin da ban gani ba tun zuwanmu: rana. Sama ta washe tas, shuɗiya kamar an wanke ta, haske ya kwanta a kan jajayen bulo. Na dubi bishiyar a kusurwarta ƙarƙashin fitila, na ji tausayinta ya kama ni. 'Yar ƙasar rana, shekara biyu tana shan hasken kwalba. Na ce a raina na cuce ta kwana biyu, bari yau na yi mata alheri. Na tuna Sadiya ta ce kada a matsar da ita, amma na ɗauka tsoron ɓarewar laka a kafet take. Na rungumi bokitin nan mai nauyin tsiya, na sauka da shi matakala goma sha uku ina hutawa, na kai shi ɗan filin bayan gida inda ake ajiye kwandunan shara. Na zaɓi inda rana ta fi haskawa. Ganyen suka ɗauki sheƙi, ƙafar nan ta yi ja kamar an sa mata lalle. Numfashina na fita kamar hayaƙi, amma ban kawo komai a raina ba. A wurinmu, inda rana take nan zafi yake.

Daga nan muka fita da Gwaggo zuwa Stockport Road sayen tsarabar da za mu kai Birmingham. Muka shiga shagon wani Bapakistane, Gwaggo ta nemi ragi da hannu da ido, shi kuma yana nuna mata takardar farashin da aka liƙa. Muka haɗu da wata 'yar Zariya mai aikin jinya, ta ja mu gidanta, ta yi mana tuwon garin semo da miyar kukarmu. 'Ya'yanta biyu suka gaishe mu da "sannu" ɗaya tak, suka koma Turancinsu. Hira ta yi daɗi. Kafin mu dawo gida duhu ya fara, ƙarfe huɗu da 'yan mintuna. Na haura da bokitin da hannuwa a sandare, na mai da shi kusurwarsa, na goge kafet. Bishiyar tana nan kore shar. Na ji zuciyata ta yi sauƙi, kamar na biya wani abu.

Sadiya ta iso bayan magariba a gajiye, da murna, sun ɗauke ta. Ta kawo mini wani farin kwanson teku a aljihu. Ta leƙa bishiyar, ta ga ruwa na kan layi, ta ce, "Malama an iya raino."

Da asuba ta tsiyaye ruwan, ta naɗe bokitin da leda, ta lulluɓe bishiyar da bargo biyu. A tashar manyan motoci muka tsaya kamar minti goma a layi. Direba ya ce kayan su shiga ƙasan mota, Sadiya ta ce ina, wannan a cinyarta zai zauna. Suka yi ta ja, har ya ɗaga hannu ya ce ta wuce. Awa biyu da wani abu muka yi a hanya. Ban ga komai ba sai tumaki masu ƙiba a filaye da ruwan sama a gilashi. Gwaggo ta yi ta mamakin tumakin da ba makiyayi. Daga tsakiyar Birmingham muka hau wata bas zuwa Erdington, muka ratsa babban titinsu cike da masu sayayyar Kirsimeti, kowa na kallon mace mai rungume da bargo.

Gidan Mma ƙamshin shinkafa da wake yake, irin nasu ja da ake dafawa da karan dawa, ga baƙin yaji mai kifi a gefe. Tana zaune a kujera, ƙafafunta a kan matashi. Gwaggo ta shiga da fuska a ɗaure. Mma ta miƙa hannu biyu ta ce, "Uwar ɗiya! Zo nan na gode miki. Aro kika ba ni, ban ci ba, ga ta nan na mayar." Sai ga hawaye a idon Gwaggo. Kafin a zuba abinci sun zama kamar 'yan ɗaki ɗaya, suna yi wa Sadiya tsiya a kan rashin aure.

Sannan Sadiya ta durƙusa ta kwance bargon. Na ga bayanta ya ƙage. Ganyen sun sunkuya, sheƙin ya tafi, wasu sun yi tabo-tabo masu duhu kamar an jiƙa takarda da mai. Tohon nan mai tsini ya yi baƙi a baki. Ta ɗago ta dube ni, ba da zargi ba, da neman taimako. Na sunkuyar da kai.

Mma ba ta gani sosai. Ta ce a matso da ita. Ta bi karan da yatsu, ta kama ganye ɗaya ta kai bakinta ta lasa.

"Iri biyu ne a wurinmu, wannan jar ce," ta ce. "Ɗayar, mai saiwoyi tsaye a laka kamar ƙusoshi, ita ce ke fid da gishiri a ganye, in ka lasa ka ji. Wannan ba ta yi. Wannan ce tamu. Wutarta ba ta gaggawa, kifi ya yi ja ya yi ƙamshi." Hannunta ya sauka har ya sami ƙafar. Ta riƙe ta. Daga nan ta sunkuya ta shaƙi lakar, ta ce, "Kai. Ga uwata can tana kirana na kawo itace."

Ta ɗago kanta. Can ta ce, "Amma ba ta da lafiya, ko? Ganyen ya yi laushi."

"Gajiyar hanya ce, Mma," in ji Sadiya. "Za ta warware."

"To, mu biyu ke nan. Ajiye ta kusa da ni."

Kwana biyu muka yi a Erdington. Sadiya ta haɗa sabon ruwa, ta rataya fitila, ta yi duk abin da ta sani. Ranar da za mu tafi ganye huɗu sun zube. Mma ta sa na karanta mata waƙar nan, na karanta, ita tana gyaɗa kai, tana riƙe da ƙafar bishiyar. Bayan mun dawo Kano da mako biyu na je shagon intanet na buɗe saƙon Sadiya. Layi biyu ne: bishiyar ta bushe, ƙafar ba ta kai ga laka ba. Mma ta hana a fitar da bokitin, yana nan gefen kujerarta har ta rasu kafin shekara ta zagayo.

Na riƙe abin a cikina shekara uku. Bana Sadiya ta zo gida hutu. Muna zaune a tsakar gida muna gyaran zogale, na ce ina da magana. Na gaya mata komai game da ruwan alwala, da yadda na gani na yi shiru, da kofin da na riƙa kwashewa da shi, da dalilin da ya sa. Na gama ina jiran ta tashi ta bar ni.

Ta dube ni, sai ta yi dariya, irin ta dā, har da riƙe ciki.

"Wannan kika ɗauka a ka shekara uku? 'Yar ƙauye! Ai ba ta buƙatar gishiri, jure masa kawai take yi. A ruwan daɗi ma girma take, wani lokaci har ta fi sauri. Ruwan alwalar Umma bai yi mata komai ba. Kishin kuwa na sani tun a filin jirgi, fuskarki ba ta iya ɓoyo." Dariyar ta ɗauke a hankali. "Sanyi ne ya kashe ta. Ina buɗe bargon na gane tabon. Ni ce na fito da ita a Disamba, na tsaya da ita a tasha. Har yau ina lissafa mintunan nan goma, ina cewa anya sun isa? Da na jira bazara, da Mma ta ga ƙafar ta shiga laka."

Ganyen zogalen ya tsaya a hannuna. Na ce, "In da a waje aka bar ta fa? A rana?"

"Ranar Disambar can? Ai haske ce kawai, ba zafi. Awa biyu sun isa su gama da ita."

Ni awa shida na ba ta, a ranar da na fi sonta.